Gigin Tsufa: Abin da ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

Jama'a, ga wata magana da ta shafi duk mai tsoho a gida. Idan tsohuwa ta idar da la'asar ta sake tambaya ko ta yi salla, ta adana 'yan kuɗinta a tukunyar miya, ko ta ɗaure kayanta da asuba wai za ta gidan mahaifinta da ya daɗe da rasuwa, sai wasu su ce tsufa ne kawai, wasu su ce iska ce, marasa tsoron Allah kuma su ce maita ce. Wannan cuta ce, tana da mazauni a ƙwaƙwalwa. Tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana ta bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da irin wannan ruɗewa, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa.

To, mene ne ke canjawa? Jikin ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, waɗanda ya samo daga uwa da uba. Kamar rumfunan kasuwa suke: suna nan daram, amma ba duka ake buɗewa ba, wata ana ciniki, wata an ja mata ƙofa. A 2004 Bruce Yankner da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard a Amurka suka binciki ƙwaƙwalwar mamata 30, masu shekara 26 zuwa 106. Sai suka ga daga shekara 40, ƙwayoyin gadon da ke kula da koyo da riƙe abu a ka suna rage aiki, masu gyaran ɓarna da tayar da kumburi kuma suna ƙara himma. Abin lura a nan, tsakanin shekara 40 da 70 mutane sun sha bamban ƙwarai: wani ƙwaƙwalwarsa ta saurayi, sa'ansa kuwa ta dattijo.

A 2014 suka ƙara gano cewa wani sinadari mai suna REST yana farfaɗowa a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu lafiya yana kare ta. A masu cutar Alzheimer kuwa ya yi ƙaranci.

Kada mai karatu ya ce ai gado ne, ba makawa. Binciken da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka, aka tarar cutar ba ta kama na Ibadan ko rabin yadda take kama na can ba. Ashe yadda mutum ke rayuwa yana da hannu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji da kaɗaici.

Saboda haka wanda ya kai 40 ya riƙa zuwa awon jini, ya rage gishiri, ya riƙa tattaki. Wanda kuma tsohonsa ya fara ruɗewa, ya kai shi asibiti da wuri, domin akwai mantuwar da ƙarancin sinadarin B12 ko ciwon maƙoƙo ke kawowa, kuma tana jin magani. Kada a kulle shi a ɗaki, kada a bar yaran unguwa su riƙa yi masa ature.