Yadda ake haɗa kan manoman rani su riƙe ruwansu

Baƙo idan ya zo kafa ƙungiya, unguwa-unguwa yake fara tara mutane, a nan kuma yake ɓata aikin. A filin noman rani na Kadawa, wanda ya ratsa Kura da Garun Malam da Bunkure, maƙwabcinka shi ne wanda kuke shan kwata ɗaya, ko da gidansa yana wani gari. Ruwan daga dam ɗin Tiga yake tasowa, wanda aka kammala a 1974, ya biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya iso 'yar kwatar ƙasa da ke bin gefen gonaki. Babu inji, gangara ce ke kawo shi. Daga wannan 'yar kwatar ake fara ƙungiya.

Gaisuwar dagaci da sanarwa bayan sallar Juma'a, wannan kowa ya sani. Bayansu sai a bi kwatar da ƙafa, tun daga ƙofar ruwa har inda ta mutu, ana rubuta suna. A rubuta wanda ƙafarsa ke cikin taɓo, domin gonaki da yawa haya ce ko jingina, mai gonar yana Kano bai san ranar da tumatir ya yi yaushi ba.

Da can ba a bukatar wannan wahala. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke buɗe ruwa, ita ke gyara, manomi kuwa in ya ga ƙofa ta lalace sai ya ce kayan gwamnati ne, ya wuce. Da hannun hukuma ya gaza kaiwa ko'ina, ciyawar kachala ta toshe magudanai. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ƙarfafa rabon aiki: dam da babban kanal na hukuma, ƙananan magudanai na manoma.

Shugaba da ma'aji da magatakarda, zaman yamma ɗaya ya isa a zaɓe su. Wanda ake daɗewa a kansa shi ne mai buɗe ƙofa, kuma ni a ganina ya fito daga 'yan ƙarshen layi, don shi ya san ciwon jira.

Rabon kwana shi ne wurin da ƙungiya ke tsayawa ko ta watse. Na kusa da ƙofa ba ya ganin amfanin doka, ruwa ta gabansa yake bi. In dare ya yi sai ya jefa buhun ƙasa a kwata, shinkafarsa ta kwana tsundum, na ƙarshe ya wayi gari yana kallon busasshiyar laka. Saboda haka gwanaye ke juya layin: ranar da aka buɗe ƙofa, kowa ya toshe bakin gonarsa, ruwa ya zarce can ƙasa, a yi ta ba da shi ana hawowa. Kuma ba a raba lokaci daidai wa daida. Kwatar kanta tana shan nata a hanya, don haka na nesa ya fi bukatar lokaci, haka mai jigawa ya fi mai laka. Na ga wani dattijo ya damƙi ƙasar gona, ya murza ta a tafin hannu, ya ce a ƙara wa yaron da ke noma ta zuwa hantsi, ba wanda ya yi musu. Irin wannan ido ya fara ƙaranci a bakin kanal. Da lokutan salla ake yanka rabon, asuba zuwa azahar, azahar zuwa magariba, don agogon kowa da abin da yake faɗa masa. Ban ruwan dare kuwa, cikin sanyin hunturu, a riƙa zagayawa da shi, kada a bar wa marasa baki. Tun kafin shuka a daidaita abin da layi zai noma, domin alkama tana haƙuri da kwanaki, shinkafa ba ta yi, in suka haɗu a kwata ɗaya rigima ce.

Sai tara. Wanda zai fara karya doka galibi mai faɗa a ji ne, kowa kuma ya zuba ido ya ga yadda za a yi. In ya biya a gaban jama'a, an wuce wurin. In aka ce a bari saboda girmansa, gobe buhu goma za a tarar a kwata.

Kada a manta da makiyaya. Shanu in sun sauka sha suna rusa gaɓar kanal, gara a kira arɗo zaman farko a ware mashaya.

Kuɗin ruwa a lokacin girbi ake karɓa, da rasit, a karanta lissafi da ƙarfi a taro. Yasar kwata kuwa gayya ce kafin a saki ruwa, da shebur da lauje, kowa tsawon gonarsa. Wanda ba zai zo ba ya aiko ɗansa ko ya biya lebura.