Darasi: Yadda Ake Jera Shafukan Ƙaramin Littafi a Kwamfuta

'Yan'uwa, sau da yawa akan danƙa wa sakataren kwamiti ko ƙungiyar matasa aikin shirya ƙaramin littafi, na waƙoƙi, ko na ɗaurin aure, ko na jana'iza. Kuɗin bugawa daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma idan shafuka suka hargitse, takarda da tawada sun tafi ke nan. Saboda haka ya kamata mu san ƙa'idar aikin.

Da fari, mu ƙidaya shafuka. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297. Idan aka ninke ta biyu, takan ba da shafi 4 masu girman A5, wato 148 da 210. Don haka tilas jimillar shafukan, har da bango, ta zama 8, 12, 16, 20, haka nan dai huɗu-huɗu. In aikinmu ya tsaya a shafi 14, sai mu ƙara biyu ko mu rage biyu.

Na biyu, sa'ad da muka buɗe sabon aiki a manhaja irin su InDesign ko Scribus, mu sa girman shafi A5, mu kuma zaɓi tsarin shafuka masu fuskantar juna. Shafi na 1 zai tsaya shi kaɗai a dama, sa'an nan 2 da 3 su zo tare, kamar yadda mai karatu zai gan su. Mu bar fili isasshe a gefen ninki, domin kada rubutu ya shige ciki.

Na uku, kuma shi ne babban abu: jerin karatu dabam yake da jerin bugawa. A littafi mai shafi 8, takardar waje tana ɗauke da 8 da 1 a fuska ɗaya, 2 da 7 a bayanta. Ta ciki kuwa tana da 6 da 3, da kuma 4 da 5. Mu lura, kowane biyu in aka haɗa su 9 suke bayarwa, wato jimillar shafuka da ƙarin ɗaya. Shi ya sa hoton da zai ratsa shafi biyu ya fi dacewa a tsakiya, gama a nan ne kaɗai maƙwabta suke kan fuska guda.

Kada mu wahalar da kanmu da yin wannan jeri da hannu. Mu shirya aikin bi da bi, mu adana shi a PDF shafi ɗai-ɗai. Adobe Acrobat Reader yana iya jera shi lokacin bugawa, haka ma ma'aikatan maɗaba'a.

A ƙarshe, kafin a buga da yawa, mu buga guda ɗaya, mu ninke shi, mu karanta daga bango zuwa bango, mu tabbata haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun fito daidai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu basira.