Amsar Tambaya: Idan Gari Ya Rikice, Yaya Za a Tsare Gida?

Wani magidanci daga Kusada ya aiko da tambaya: idan tarzoma ta ɓarke, 'yan sanda kuma suka yi ƙaranci, me zai yi wa iyalinsa?

Abin ba baƙo ba ne. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, gwamnatin Katsina ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Dutsinma, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Kankia da Kusada, aka hana fitar dare.

Tanadi tun gari na lafiya ake yin sa: hatsi, ruwa a randa, maganin mai hawan jini, waya da caji. Mai gida ya shigo da babur, ya kulle ƙofar zaure, ya hana samari zuwa kallo, musamman masu gidaje a bakin titin Kano zuwa Katsina.

Ya riƙe lambar mai unguwa da ta jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Saƙon murya na WhatsApp kuwa, mai cewa "ga su nan tafe", a tabbatar da shi wajen mai unguwa kafin a kwashi yara cikin dare.