Ruɓa Dabam, Shigar Ƙwayar Cuta Dabam

Maigida da uwargida, ku karanta wannan darasi da kyau, sa'an nan ku karanta wa maƙwabtanku da ba su iya karatu ba.

In miki ya ɓaci, mu kan ce ya ruɓe, shi ke nan. Amma a asibiti za ku ji ma'aikata suna faɗin kalmomi uku na Turanci, watau infekshin da gangirin da sefsis. Ba abu ɗaya su ke nufi ba. Wanda ya san bambancinsu ya san mikin da za a iya jira da shi har gari ya waye, da wanda tilas a tafi da shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Mutanen dā, har da Turawa, sun zaci mugunyar iska ce ke ɓata miki. Wani masani a Faransa, Louis Pasteur, shi ya nuna cewa waɗansu ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da nama, su tsamar da madara. A 1867 kuma wani likita a birnin Gilasgo, Joseph Lister, ya bayyana yadda ya ke wanke raunuka da maganin kashe ƙwayoyin nan, masu mutuwa bayan fiɗa su ka ragu ƙwarai.

Na ɗaya: infekshin

Ma'anarsa ƙwayoyin cuta sun shiga naman da ke da rai, suna hayayyafa. Wurin ya kan yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, yana zogi. Sau da yawa ya kan tara mugunya, kaluluwa ta fito. Naman bai mutu ba, jiki ne ke yaƙi da ƙwayoyin. Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke mikin da ruwan da aka tafasa ya huce, ku rufe shi da tsabtataccen ƙyalle, ku kai mai shi ɗakin shan magani. Kada ku sa kashin shanu ko ƙasa ko toka, domin ta haka ƙwayar cutar sarƙewar haƙora ke shiga.

Na biyu: gangirin

Wannan ita ce ruɓa ta ainihi. Naman ya mutu, ko don jini ya daina kai masa, ko don ƙwayoyi sun cinye shi. Wurin ya kan yi baƙi, ya yi sanyi, a taɓa mutum bai ji ba, wani lokaci kuma yana ɗoyi. Ya kan sami wanda aka ɗaure wa karaya tamau, da mai ciwon sukari wanda ya ji rauni a ƙafa. Naman da ya mutu ba ya dawowa, sai likita ya cire shi. In an yi ɗori, yatsu su ka yi sanyi ko su ka soma duhu, a sassauta ɗaurin nan take, a tafi asibiti. Jinkiri ne ke sa a yanke hannu ko ƙafa.

Na uku: sefsis

A nan a ke ruɗewa. Asalin kalmar daga harshen Girkanci ne, ma'anarta a can ruɓa. Amma yau likita ba ruɓa ya ke nufi da ita ba. Yana nufin cutar ta wuce inda ta fara, yaƙin ya game jiki duka, har yana taɓa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Tana iya tasowa daga miki, ko ciwon huhu, ko mafitsara, ko haihuwa. Mai ita yana iya mutuwa ba tare da an ji wani wari a jikinsa ba.

Ga alamunta: zazzaɓi mai zafi ko jiki ya yi sanyi ƙalau, makyarkyata, saurin numfashi, ruɗewa, da ƙarancin fitsari. Jariri ya kan ƙi kama nono, ya yi laushi. Mai jego ta kan yi zazzaɓi da ciwon mara. In kun ga haka, kada ku jira gobe, kada ku tsaya sayen kafso a kasuwa. Ku nemi abin hawa.

Abin tunawa

Kada ku jira sai miki ya yi wari kafin ku nemi magani. Wari a ƙarshe ya ke zuwa, wani lokaci ma ba ya zuwa sam. Ja da kumburi, ɗakin shan magani yau. Baƙi da sanyi, asibiti yanzu. Ruɗewa da saurin numfashi, asibiti yanzu yanzu. In ma'aikaci ya faɗi kalmar da ba ku gane ba, ku ce ya fassara muku da Hausa. Hakkinku ne.