Warin Fetur A Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Peugeot 504 daga Kazaure zuwa Babura ko Roni da bazara, ya san warin fetur. Wannan wari ba kome ba ne illa man da zafi ya mayar tururi, yana sulalewa ta murfin tanki da kafireto. Kuɗin direba ne ke bin iska.

Don maganin wannan, tun 1971 doka ta sa ana ɗaura wa sababbin motocin Amurka wani gwangwani cike da gawayi. Tiyo yakan kai tururin cikinsa, gawayin ya riƙe shi. Idan inji ya tashi, sai ya zuƙe shi ya ƙone.

Tsofaffin motoci da yawa ba su da wannan gwangwani. Tururin kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ƙyastu ɗaya ya ishe shi kamawa.

Saboda haka, iyayenmu direbobi, kada a cika tanki maƙil. A sake murfin da ya lalace, a sa makaniki ya duba tiyo. Mu kuma ɗalibai, kada mu kusanci mota ko jarkar fetur da fitilar aci-bal-bal. Rigakafi ya fi magani.