Ɗanyen bayani daga kanel: wa ya tsara shi?

Shekarun baya na rubuta direban Linux na wata na'urar lura da batirin sola. Lambobi uku take bayarwa: ƙarfin wuta, zafi, da sa'o'in aiki. Gaggawa ta sa na kwashe su yadda suke jere a ƙwaƙwalwar kanel, na zuba a fayil ɗaya a ƙarƙashin /sys, ɗanye, ban mayar da su rubutu ba. Manhajar da ke karantawa ta san bayit huɗu na farko na wuta ne, huɗu na gaba na zafi, na ƙarshe na sa'o'i.

Lafiya lau, sai ranar da muka koma kanel mai bit 64, manhajar kuwa tsohuwar ce. Wuta ta fito daidai, zafi ya koma sifili, lambar zafin kuma ta je ta zauna a gurbin sa'o'i. Kwana biyu muna zargin waya, har muka sauya na'ura, ashe laifina ne: irin lambar da na yi amfani da ita ta tashi daga bayit 4 zuwa 8, komai ya gusa.

Tun da sysfs, wato tsarin fayilolin da ke ƙarƙashin /sys, ya shigo tare da Linux 2.6 a 2003, ƙa'idarsa a fili take: fayil ɗaya, ƙima ɗaya, a rubutun da mutum zai iya karantawa. Amma akwai ƙofar ɗanyen bayani, kuma ita ce matasan masu rubuta direba suke ruɗuwa da ita. An buɗe ta ne don bayanin da kanel bai tsara ba, wanda shi ɗan aike ne kawai tsakanin na'ura da manhaja.

Duba allon kwamfutarka. Yana ɗauke da bayanin kansa da ake kira EDID, bayit 128 a tubalin farko, kuma ƙungiyar VESA ce ta tsara ma'anar kowane bayit. Ko kanel ya sabunta sau ɗari, tsarin ba zai motsa ba, don ba nasa ba ne. Haka bayanan saitin katin PCI, bayit 256, ko 4096 a PCI Express, wanda manhajar lspci ke karantawa. Ko nan ma ba a saki jiki ba, wanda ba shi da ikon mai gida bayit 64 na farko kaɗai zai gani.

Nawa kuwa tsarin cikin kanel ne na fallasa. Da zarar wata manhaja ta dogara da shi, ya zama alkawari, kuma Linus Torvalds, jagoran Linux, ba ya wasa da karya manhajar masu amfani. Ga wani haɗarin da ban ma hango ba a lokacin: idan lambobin ba girmansu ɗaya ba, akan bar giɓi tsakaninsu, in ba a share shi ba sai ragowar sirrin kanel ya bi ta nan ya fita.

Na raba fayil ɗin gida uku, kowanne da lambarsa a rubuce. Ɗanyen kuma na mayar da shi debugfs, inda ba a yi wa kowa alkawarin zai dawwama ba, don wani lokaci ina buƙatarsa wajen bin diddigin matsala.