Jinin Uwa da Jinin Jariri: Gargaɗi ga Ma'aurata

A garuruwa da ƙauyukanmu akwai matan da haihuwa take ba su wuya. Ɗan fari ya zo lafiya, na biyu ya zo da shawara, na uku ya mutu tun yana ciki. Sai a ce wabi ne, wasu su ɗora wa iska, wasu su zargi kishiya. Dalilan mutuwar jarirai suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da likitoci suka daɗe da ganowa, kuma yana da rigakafi: saɓanin jinin uwa da na ɗanta.

Mene Ne Wannan Saɓani?

Ban da rukunin jini na A, B, AB da O, akwai wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Rh. A shekarar 1940 ne Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana ta a Amurka. Wanda yake da ita ana ce masa fozitib, a rubuta + a katinsa. Wanda ba shi da ita negatib ne, a rubuta −. A cikin Turawa kimanin mutum 15 cikin 100 ne negatib, a Afirka ta Yamma kuwa ba su kai haka ba. Zama negatib ba cuta ba ne, halitta ce kawai. Kada kuma a rikita shi da gwajin AA, AS da SS na amosanin jini, wannan dabam, wancan dabam.

Inda Matsala Take

Idan uwa negatib ce, uba fozitib, ɗa yana iya gado jinin uba. Lokacin haihuwa, sa'ad da mabiyiya take rabuwa da mahaifa, ɗan jinin jariri yakan shiga na uwa. Jikinta sai ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa dakarun yaƙi, kamar mai gadin da ya haddace fuskar ɓarawo yana jiran ranar da zai dawo. Ɗan fari galibi ya riga ya tsira. Amma in ta sake ɗaukar ciki mai jini fozitib, dakarun nan sukan ƙetare mabiyiya su riƙa fasa jajayen ƙwayoyin jinin ɗan tayi. Daga nan jininsa ya ragu, jikinsa ya kumbura, wani ya mutu a ciki, wani a haife shi da shawara mai tsanani. Ɓari ma yana iya tayar da dakarun, haka ƙarin jinin da bai dace ba.

Alamomi a Jikin Jariri

Mai jego da ungozoma su duba jariri a hasken rana, ba a cikin duhun ɗaki ba. A kalli farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa da yatsa a saki, a ga ko fatar ta yi rawaya. Shawarar da ta fito cikin awa 24 da haihuwa hatsari ce. Haka in ya ƙi kama nono, ko yana kuka mai tsini, ko yana sanƙarewa yana gantsarewa. In aka yi sakaci, shawarar takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro kurma ko nakasasshe har ƙarshen rayuwarsa. Shanya shi a hantsi ko ɗura masa jiƙo ba ya magani. A asibiti akwai shuɗin haske da ake kwantar da shi a ƙarƙashinsa, in ta yi tsanani a sauya masa jini.

Rigakafi

Tun shekarar 1968 aka fara amfani da allurar Anti-D. Aikinta shi ne ta share jinin jaririn da ya shiga jikin uwa kafin jikin ya farga. Ana yi wa mace negatib ita a wajen mako na 28 na ciki, a sake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitib ne. Ana kuma yin ta bayan ɓari, ko ciki a wajen mahaifa, ko zubar jini, ko buguwa a ciki. Kowane ciki da tasa allurar. Sai dai a sani, in jiki ya riga ya haɗa dakarun, allurar ba ta da sauran amfani. Irin wannan mace tana bukatar gwaji da hoton ciki a kai a kai, ta kuma haihu a babban asibiti.

Allurar tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ne yake ajiye ta ba. Saboda haka maigida ya tanadi kuɗinta tun ciki yana ƙarami, ya tambayi inda ake samunta. Bambancin jini ba dalilin fasa aure ba ne, ba kuma laifin matar ba ne.

Ya ku ma'aurata, ku san rukunin jininku tun kafin cikin fari. Ke mai ciki, ranar farko da kika je awo ki tambayi malamar asibiti: "Jinina fozitib ne ko negatib?" In negatib ne, ki riƙe katinki, ki haihu a asibiti, in jaririn fozitib ne kada awa 72 ta wuce ba a yi miki allura ba.